Ƙusa ko walda? Ɗaure bakunan bututun ruwa na Porsche 911 kafin shiga filin tsere

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ni bakanike ne, ina aiki a wani gareji a Sharja. An kawo mana Porsche 911 GT3 ƙirar 2007, mai ita yana so ya fara shiga da ita filin tsere na Dubai Autodrome. Wani ya ce masa sai an ɗaure bakunan bututun ruwanta tukuna, ko da ƙusa ko da walda. Mun duba, ba ta ɗigar da ruwa ko kaɗan, kuma ba ta taɓa obahitin ba. Shin aikin nan dole ne, ko neman kuɗi ne kawai? In dole ne, wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda ya ba shi shawarar nan ya yi masa alheri, kai ma ka kyauta da ka tambaya kafin ka taɓa motar. Aikin dole ne muddin za ta shiga filin tsere. Rashin yoyon da kuka gani kuwa kada ya ruɗe ku, domin wannan matsala sau da yawa ba ta sallama. Mota tana lafiya da safe, da rana baki ɗaya ya fice, ruwan ya ƙare kafin direba ya gane abin da ya faru.

Injin da ke cikin motar nan shi ne wanda ake kira Mezger, sunan Hans Mezger, injiniyan Porsche da ya rasu a 2020. Asalinsa daga motar tsere ce, 911 GT1, wadda ta lashe tseren Le Mans a 1998. Shi aka sa wa GT3 tun fitowarta a 1999, da Turbo da GT2 na jerin 996 (lambar da Porsche ta ba ƙirar 911 ta wancan zamani), da GT3 da GT2 na jerin 997 da ya biyo baya, wanda taku ta 2007 take ciki, har zuwa GT3 RS 4.0 ta 2011, da kuma 997 Turbo ta farko. Carrera ta yau da kullum ba ta cikin wannan lissafi, injinta daban, damuwarta ma daban. Inji ne mai ƙarko ƙwarai, ni kaina ina girmama shi. Amma yana da wurin rauni guda. Gidajen da ruwa ke bi a kansa alminiyon ne na zubi, kuma a duk inda tiyo zai kama, ba a zuba bakin tare da gidan ba. Guntun bututun alminiyon ne mai siririn jiki aka shafa wa gam, aka cusa cikin rami. Babu zare, babu noti, babu ƙusa. Gam ɗin shi ne mai toshe yoyo, shi ne kuma mai riƙo. Irin waɗannan bakuna ba su gaza shida ba a inji ɗaya, wasu samfuran suna da takwas, kuma da yawansu a ɓoye suke a ƙarƙashin altaneta da famfon sitiyari da bututun shan iska, inda ido ba ya kaiwa.

Ka lissafa abin da gam ɗin yake ɗauka. In inji ya yi zafi, ruwan cikinsa yana ƙarƙashin matsi na bar ɗaya zuwa ɗaya da rabi (bar ma'aunin matsi ne). Ɗauki baki mai faɗin milimita 30. Faɗin fuskarsa ya kai santimita murabba'i bakwai, saboda haka a bar ɗaya da rabi ruwan yana tura shi waje da ƙarfin da ya haura nauyin kilo goma. Kilo goma ba wani abu ba ne ga sabon gam da aka shafa da kyau. Amma wannan gam ya shekara goma sha yana wanka da ruwan zafi, kullum ya ɗumama ya huce. Siririn bututun yana saurin ɗaukar zafi, katon gidan yana biyo shi a hankali, don haka kowane tashin inji sai an ɗan ja gam ɗin an sake shi. Ga jijjiga, ga tiyon da ya tsufa ya sandare yana fizgar bakin gefe. A titi, inda mota ke tafiya a hankali, yana iya jurewa shekaru. A filin tsere kuwa injin GT3 ɗin nan yana juyawa har 8,400 a minti, famfon ruwa yana tura iya ƙarfinsa, mai ya yi zafi, ruwa ya yi zafi, kuma ku a can zafin garin ma kansa ya isa. Ranar da gam ya gaji, ba ya sakin rabi. Gaba ɗaya yake saki.

Abin da ya sa nake ɗaukar zancen da zafi shi ne inda ruwan yake zuba. Injin 911 a baya yake, bayan gatarin tayoyin baya, lagireto kuma suna can gaba, shi ya sa motar take ɗauke da ruwa sama da lita 20. In baki ya fice, famfo zai kwarara ruwan nan cikin 'yan daƙiƙu, a kan tayoyin baya da kuma hanyar da za su taka. Kulan, wato ruwan sanyaya inji, yana da sinadarin gilaikol, wanda in ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji santsinsa, kuma ba ya saurin bushewa a kan kwalta. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar a kan tayoyin bayan nan yake. Mota mai gudun kilomita 200 a awa tana cin mita 55 a kowace daƙiƙa. In abin ya faru a tsakiyar kwana, bayan motar ne zai wuce gabanta, kuma ƙwarewar direba ba ta da amfani a lokacin. Sannan ga na bayansa, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, za su shigo kwanar da cikakken gudu su tarar da santsi. Asarar inji ita ce mafi sauƙi a cikin abin da zai iya faruwa.

Ba zancen gareji ba ne kawai. Hukumar kula da lafiyar motoci a titunan Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kan wannan matsala a 2013, ta rufe shi a 2014 ba tare da ta sa kamfanin ya janye motocin ba. Mai motar yana iya kafa maka hujja da wannan. Ka amsa masa cewa ita hukumar, titin gwamnati take dubawa, ba filin tsere ba. Masu shirya ranakun tsere sun fi ta sanin abin da ke faruwa a filinsu, shi ya sa wasu ƙungiyoyin masu Porsche a Amurka suke tambayar ko an ɗaure bakunan kafin su bar irin wannan mota ta shiga.

To, ƙusa. Abin da ake yi shi ne a huda jikin gidan a daidai inda bututun ya shige cikinsa, hudar ta ratsa gidan ta ratsa bututun, a yanka zare, a ɗaura ƙaramar ƙusa mai zare wadda bakinta zai shiga jikin bututun ya hana shi zamewa. M4 ko M5, wato mai kaurin milimita huɗu ko biyar, ta isa. In M4 ce ka huda da bakin diril na milimita 3.3, in M5 ce na 4.2. Ka zaɓi wurin da naman gidan yake da kauri, kada ka matsa kusa da leɓe, don zubi yana tsagewa. Ka auna tsawon ƙusar tun kafin ka ɗaura, ta leƙa ciki da milimita biyu ko uku kawai, kada ta tsaya a tsakiyar hanyar ruwa. Ka shafa wa zaren maganin kulle zare irin su Loctite, domin yanzu ka buɗe sabuwar ƙofa a jikin gidan, kuma ita ma tana iya tsiyaya. Ɗauri na hankali ake yi, zaren alminiyon ba ya son ƙarfi.

Ka fahimci iyakar abin da ƙusa take yi. Ba ta hana yoyo. Abin da take hanawa shi ne ficewar bakin. In tsohon gam ya mutu bayan an sa ƙusa, za a ga ɗigo, ko farin busasshen tabo a gindin bakin, ko a ji warin kulan bayan an kashe mota. Wannan matsala ce da ake gani a gareji a gyara cikin natsuwa. Amma kuma ma'anarsa, in ka sa ƙusa a kan tsohon gam, wata rana za a sake sauke injin nan saboda ɗigo. Shi ya sa ni ba na yarda da rabin aiki. In inji ya riga ya sauka, a cire kowane baki, a sake masa gam, sannan a sa ƙusa.

Yadda ake yi: ka ɗumama gidan da bindigar zafi har gam ya yi laushi, ka murɗa bakin ya fito. A nan ne za ka ga gaskiyar lamarin da idonka. Wani bakin sai ka yi gumi kafin ya motsa. Wani kuwa da ɗan zafi kaɗan zai biyo hannunka, ka juya shi ka ga gam ya kama gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen fes, alminiyon yana ƙyalli kamar ba a taɓa shafa masa komai ba, a gindin ramin kuma ga wani busasshen ɓawo mai ruwan toka da yake marmashewa a farce. Irin wannan ka ajiye shi ka nuna wa mai motar, ya fi dogon bayani. Daga nan ka kankare ramin da bututun har sai tsantsar ƙarfe ya fito, ka karce su da takardar yashi mai kaushi don gam ya sami abin kamawa, ka wanke da asiton. Kada ka bari ya kwana bayan karcewar, domin alminiyon yana saurin yin wata 'yar fata a iska wadda take rage kamun gam. Gam ya zama mai haɗi biyu, mai jinkirin bushewa, wanda aka rubuta yana jure zafi da ruwan inji. Na minti biyar ɗin nan da ake sayarwa a kowane shago ba na wannan aiki ba ne. Ka shafa wa fuska biyun duka, ka cusa kana murɗawa, ka daidaita fuskar da bakin yake kallo kamar yadda ka same shi (ka yi masa alama tun kafin cirewa), ka share wanda ya tsatso ta ciki, ka bar shi ya cika awa 24. Bayan ya bushe ne za ka huda.

Za ka ji masu cewa suna sa ƙusa ba tare da sauke inji ba. Ana iya kaiwa ga wasu bakunan in an cire altaneta da kayan sama, gaskiya ne. Matsalata da hakan biyu ce. Ta farko, ba duka ake kaiwa ba, kuma wanda aka bari shi ne zai fice, tunda shekarunsu ɗaya, wahalarsu ɗaya. Ta biyu ɓurɓushin huda. Ko ka cika bakin diril da giris, ko ka sa injin zuƙa, wani sai ya faɗa ciki, ya bi ruwa ya je ya ci hatimin famfo ko ya maƙale a siraran hanyoyin lagireto. A kan benci kuwa ka wanke, ka hura, ka haska tocila ka tabbatar.

Walda ita ce maganin da in ya yi kyau an gama har abada, babu gam babu ɗigo. In bai yi kyau ba kuma ya fi tsohon halin muni. Waldar TIG ce da iskar argon, a kan wutar AC, ba wadda ake haɗa ƙofa da ita ba. Wahalarta daga zubin take. Ka san tukunyar alminiyon ta zubi da ake yi a Panteka, in ka kankare ta za ka ga 'yan ƙananan ramuka a jikinta. Zubin masana'anta ya fi wannan tsabta nesa ba kusa ba, amma shi ma yana da irin ramukan, kuma shekara da shekaru sun sha kulan da mai da gam. Da wuta ta taɓa wurin sai dattin ya tafaso ya bar ƙofofi kamar bakin allura a cikin waldar. Ga kuma bambancin kauri: zafin da zai narkar da gidan ya isa ya ƙone siririn bututun. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, fatar da ke kansa kuwa sai ta haura digiri 2,000, saboda haka wanda bai goge ta da buroshin da aka keɓe wa alminiyon kaɗai ba, zai yi ta ƙara wuta har ƙarfen ya zube a ƙarƙashinta.

In walda za a yi, kada a yi ta a kan tsofaffin bakunan da gam a ƙarƙashinsu. A cire, a ƙone sauran gam ɗin, a wanke, a gasa gidan ya fitar da abin da ya sha. Akwai bakuna da ake sassaƙawa musamman don wannan aiki, masu kaurin jiki da leɓen da walda za ta kama, su ya kamata a saya. Ka tambayi mai waldar da wace sanda zai cike. Amsar da nake so in ji ita ce sanda mai lamba 4043, mai sinadarin silikon, wadda ta dace da zubi. Sanda 5356 tana da ƙarfi, amma ba a son ta a wurin da zai daɗe yana zafin da ya wuce digiri 65, ruwan inji kuwa ya wuce haka kullum. In ya kasa amsa wannan tambaya, ka ɗauki kayanka. Bayan walda a ɗora fuskokin da gaskit ke zama a kan abu mai shafe, a duba ko zafi ya karkatar da su. Sannan a toshe kowace ƙofa, a hura iska bar biyu, a nutsa gidan cikin ruwa, a zauna a zuba ido. Ramin allura ba ya nuna kansa nan take, sai ka ga ƙaramin kumfa ɗaya ya taru a gefen waldar, ya saki, wani ya biyo. A yi masa alama, a kankare, a sake. Gidan da ba a gwada shi haka ba kada ya koma kan inji, ko wane ne ya yi waldar.

Ka ce wanne ya fi. Ga motar da ke gabanka, ni sabon gam da ƙusa zan yi. Aiki ne da hannunka zai iya, kana ganin kowane mataki, ba ka sa wa gidajen zafin da zai karkatar da su ba, kuma in wani abu ya lalace nan gaba ɗigo ne zai zama. Walda na fi so ga motar da tsere ne kaɗai aikinta, kuma sai in akwai mai waldar da ya saba da waɗannan gidaje musamman, wanda zai nuna maka aikin da ya yi a baya da wurin gwajinsa. Masu waldar alminiyon suna da yawa a Sharja, amma iya haɗa tankin jirgin ruwa daban, iya wannan daban. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a shafa gam ta waje a kewaye bakin a ce an ƙarfafa shi, ko a ɗaure da waya. Wannan kwalliya ce.

Kada ka ɗaure bakuna ka bar abin da ke jikinsu. Tiyon 2007 ya ci zamaninsa, a canza duk wanda ke kan injin tunda ga shi a ƙasa. Kilif ɗin da ke matse tiyo, na asali mai sifirin ka mayar, sabo, domin shi yana bin tiyo in ya kumbura ko ya motse. Mai sukuru yana tsayawa inda ka bar shi, roba ta lotsa a ƙarƙashinsa ya saki, in kuma ka ƙara ɗauri ya yanke ta. Kilif ya zauna a bayan tudun da ke bakin bututu, ba a kansa ba, kuma duk sabon bakin da ka saya ka tabbata yana da tudun nan. Famfon ruwa, tamostat, zoben roba, murfin tankin ruwa, duk a sabunta su, tankin kansa a duba shi da kyau domin robarsa tana tsagewa da tsufa. In wata rana 997 Turbo ce ta zo muku, tana da ƙarin gwiwoyin roba a hanyar ruwa waɗanda suke fashewa, ana samun na ƙarfe a madadinsu. Sannan ka cire bambar gaba ka share lagireto, ganye da yashi suna taruwa a kusurwarsu su ci jikinsu.

Wajen zuba ruwa, motar nan ba a cika ta da jarka da mazurari. Hanyar doguwa ce daga baya zuwa gaba, iska tana maƙalewa. Da na'urar zuƙe iska ake cikawa, kuma ita ce gwajinka na farko: ka zuƙe, ka rufe, ka jira minti biyar zuwa goma, in allura ta motsa akwai inda yake shan iska. Bayan an cika ka gwada da famfon matsi a sanyi, ka tada inji har fanka ta kama, ka bari ya huce, ka sake dubawa da tocila da madubi. A yi mata tafiyar titi ta kwana biyu ko uku kafin ranar tsere. Kuma ka ɗauki hoton kowane baki da ƙusarsa tun inji yana ƙasa, ka ba mai motar tare da takardar aiki, domin in ya koma wurinsa ba mai iya ganinsu, kuma masu duba mota a filin suna iya tambaya.

Saura zancen ruwan kansa. Ƙungiyoyin tsere da yawa sun hana gilaikol saboda santsinsa, ruwa zalla suke so da ɗan ƙarin magani mai hana tsatsa, irin Water Wetter na kamfanin Red Line. Ruwa zalla ma ya fi haɗin rabin ruwa rabin gilaikol ɗaukar zafi, kuma a ƙarƙashin matsin bar ɗaya ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Amfanin gilaikol babba shi ne hana daskarewa, ku kuwa ba ku da wannan damuwa a can. Ka tambayi masu shirya ranar abin da dokarsu ta ce. In za a koma ruwa, tatacce za a sa, ba na famfo ba, kuma da maganin tsatsa, a riƙa canza shi a kai a kai, domin injin da lagireto duk alminiyon ne. Amma kada mai motar ya ɗauka canjin ruwa ya maye gurbin ƙusa. Ruwa lita 20 a kan tayar baya a tsakiyar kwana shi ma yana juya mota.

Ranar da zai karɓi motar, ka zaunar da shi ka gaya masa wannan. In ya ga farin tururi a madubi, ko fitilar ƙarancin ruwa ta kama, ko ya ji bayan motar ya yi sako-sako ba dalili, kada ya taka birki da ƙarfi. Ya saki totur a hankali, ya miƙar da sitiyari, ya fita daga layin da motoci ke bi, ya tsaya a gefe mai aminci ya kashe inji. Kada ya ce bari in lallaɓa in kai wurin gyara, domin zai shafe sauran filin da santsi, ya kuma ƙone injin. Kada ya dogara da gejin zafi, tunda in ruwa ya ƙare na'urar ba ta da abin aunawa, tana iya nuna lafiya alhali kan silinda yana gasuwa. Ya sanar da ma'aikatan filin nan take don su ɗaga tuta mai ratsin ja da rawaya, wadda take gaya wa na baya cewa akwai santsi a gaba. Murfin tankin ruwa kuma kada ya taɓa shi sai inji ya huce.